Firintar da Ke Yawan Sakin Waifai: Abin Dubawa Kafin a Ɗaura Ta a Babur Zuwa Funtuwa

Ciwon sananne ne ga duk wanda ya ajiye firinta mara igiya a gida ko a ɗan shago. Jiya ta buga takarda lafiya lau, yau an tura mata aiki ta yi gum. Kwamfuta ta rubuta "Offline", waya ta ce ba ta gan ta ba, alhali ga ta nan a kan tebur, fitilarta a kunne. A kashe a kunna ta dawo, kafin la'asar ta sake ɓacewa. A Kano ko Kaduna mai ita zai tsallaka titi ya kirawo mai gyara. A Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa kuwa maganar ta zama ta tafiya: mutumin Sabuwa ya bi ta Ɗandume zuwa Funtuwa, na Ƙanƙara ya nufi Malumfashi, ga kuɗin mota, ga halin da hanyoyin suke ciki. Abin haushin, sau da yawa da an isa shagon mai gyara sai firintar ta kama aiki sumul, domin ciwon ba a jikinta yake ba. An baro shi a gida, ko dai a soket, ko a wayar da ke ba ta waifai, ko a saitin kwamfuta.

Sabis daban, waifai daban

A bakin mutane sabis da waifai sun zama abu guda, kuma daga nan ruɗanin yake farawa. Sabis shi ne abin da ke saukowa daga dogon ƙarfen MTN, Airtel ko Glo ya shiga layinka. Waifai kuwa gajeriyar hanyar rediyo ce ta cikin ɗaki, wadda rauta ko MiFi ko hosfot na waya ke shimfiɗawa, iyakarta 'yan mitoci. Takardar da ka tura daga laftof ba Legas take zuwa ta dawo ba. Daga laftof ta shiga rauta, daga rauta ta faɗa firinta, duk a cikin ɗakin. Ko data ta ƙare, ko ma an zare layin daga MiFi ɗin, firinta za ta buga.

A Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka shafe watanni ba kira ba data. Abin da irin wannan katsewa ke tsayarwa shi ne aikin da sai an hau intanet, kamar duba sakamakon WAEC da NECO ko ciro takardar JAMB. Wasiƙar da aka rubuta a kwamfuta, ko katin ɗaurin aure, ko tambayoyin jarrabawar Islamiyya, babu abin da zai hana su fita ta waifai. Saboda haka idan firinta ta ɓace, kada ka ɓata lokaci kana ɗaga MiFi sama kana neman sabis.

Sai dai rashin sabis yana shigowa ta bayan gida, ta hanya biyu. Ta farko wayarka ce. Wayoyin Android da iPhone suna da ɗabi'ar barin waifan da babu intanet a kansa, su koma datar layi ba tare da sun sanar da kai ba. A garin da sabis ke zuwa yana tafiya, wannan yana faruwa sau da yawa a wuni: sabis ɗin MiFi ya faɗi, waya ta sulale ta bar shi, kai kuma ka ɗauka firinta ce ta yanke. Idan waya ta tambaye ka ko ta ci gaba da zama a kan waifan da ba shi da intanet, ka amsa mata da e, ka kuma danna akwatin da ke cewa kada ta sake tambaya. In ba ta tambaya ba, kashe datar waya kafin ka tura aiki ya wadatar. Ta biyu wasu firintocin HP ne na tsarin HP+, waɗanda lambarsu ke ƙarewa da harafin "e", irin su M110we da M209dwe. An ƙera su ne su riƙa magana da kamfani ta intanet, in suka daɗe ba su samu ba sai su ƙi bugawa. Wannan babu dabarar da za ta gyara shi daga ɗaki. Duk mai niyyar sayen firinta a yankinmu, musamman ta hannu da ake kira Beljiyam, ya duba ƙarshen lambarta kafin ya biya.

Ka tambayi firintar da kanta

Kafin ka taɓa kowane saiti, ka jira lokacin da ciwon ya tashi, ka dubi fitilar waifai da ke jikin firinta. A firintocin HP shuɗiya ce. In ta tsaya cak a kunne, firinta na kan waifai. In tana ƙiftawa, ta saki tana nema. Daga nan ka sa ta buga rahoton haɗinta. A Epson irin su L3150 da L3250 akwai maɓalli mai alamar "i" da ke yin wannan, ƙananan HP ma suna da irinsa, masu ɗan allo kuma yana cikin saitin netwok. Takarda ɗaya ce za ta fito, kuma abu uku kake nema a cikinta: sunan waifan da firinta ke kai, ƙarfin siginar, da lambar IP.

Idan sunan waifan ba shi ne wanda laftof ɗinka ke kai ba, ka gama gano matsalar. Wannan yana yawan faruwa a gidan da ke da MiFi da kuma hosfot biyu ko uku, kowace na'ura ta kama wanda ta fara gani. Idan lambar IP ta fara da 169.254, ko ta fito 0.0.0.0, firinta ta yi sallama ba a amsa mata ba, wato rauta ba ta ba ta lamba ba. Idan kuwa lambar lafiyayya ce, kamar 192.168.8.103, ka rubuta ta a burauzar laftof a gurbin adireshi ka danna. In shafin firinta ya buɗe, to tsakaninta da waifai lafiya lau, laifin yana cikin kwamfuta. Ka ajiye wannan takarda. Gobe ko jibi in ciwon ya dawo ka buga wata ka kwatanta su. Bambancin da ke tsakanin takardun biyu ya fi duk wani hasashe amfani.

Wuta

A ganina, a waɗannan garuruwa wuta ce babbar mai laifi, kuma ita ce littafin da ke zuwa cikin kwalin firinta bai damu da ita ba, don an rubuta shi ne domin ƙasashen da ba a ɗauke wuta. Mu kuwa wutar KEDCO na zuwa ta tafi, wani lokaci ta zo rabi-rabi ba ƙarfi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, ba kowa ke barin janareta yana ruri wuni guda ba. Sai an tara aiki a tayar, a gama a kashe. Kowane ɗaukewa da kawowa, kowane juyi daga Nepa zuwa janareta ko sola, kashewa da kunnawa ne ga rauta da firinta.

Ga inda gizo ke saƙar. Firinta tana farkawa cikin 'yan daƙiƙoƙi, rauta kuwa tana ɗaukar minti ɗaya zuwa biyu kafin ta fara watsa waifai. Firinta ta tashi ta nema ba ta samu ba. Wasu sukan ci gaba da nema har su dace, wasu kuwa, musamman masu araha, sukan haƙura su zauna. Maganin ba ya cin ko sisi: in wuta ta dawo, ka bar firinta a kashe, ka jira fitilun rauta su natsu, sannan ka kunna ta. Ka koya wa yaran gida ko yaron shago wannan jeri, don galibi su ne ke kusa lokacin da ake kawo wuta.

Wanda ya fi haka shi ne rauta ta daina mutuwa gaba ɗaya. Ba ta cin wuta sosai, yawanci ba ta wuce wat 10 zuwa 12. Akwai ƙaramin UPS da aka yi musamman domin rauta, mai batir a ciki, yana riƙe ta sa'o'i. Akwai kuma igiyar da ke ɗaga wutar fawa banki daga bolt 5 zuwa 9 ko 12. Ka duba bayan rautar ka ga bolt nawa aka rubuta kafin ka saya. Ana samunsu a kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a Kano, kuma mai zuwa Funtuwa ya tambaya a shagunan kayan waya. Muddin rauta na raye, firinta in ta farka za ta tarar da waifai yana jiranta, kuma lambobin da aka raba ba su rikice ba.

Akwai wani nau'in yankewa da ke ruɗa mutane: firinta na zaune lafiya, amma da an tura aiki, ta fara ƙugi, sai haɗin ya tsinke. Wannan kusan kullum firintar leza ce, mai amfani da garin tona. A cikinta akwai abin ɗumama da ke narkar da garin ya manne a takarda, zafinsa na kusantar digiri 200. Ƙaramar leza tana jan wat 300 zuwa 500 tana bugawa, a daƙiƙoƙin farko na ɗumama kuwa ta zarce haka nesa. Ƙaramin janaretan nan mai shan fetur haɗe da baƙin mai ƙarfinsa bai kai wat 1000 ba. Da ta ja, wuta ta nutse, kwan ɗaki ya dusashe, rautar da ke soket ɗaya da ita ta mutu ta sake tashi, aikin ya tsaya a tsakiya. Haka take yi wa ƙaramar inbata. Ka lura da kwan fitila lokacin da firinta ta fara aiki. In ya yi ƙifta, ka gane. Ka raba su soket, ka kashe ayan guga da firji kafin bugawa, ka sa rauta a kan batirinta. Kada ka jona leza a ƙaramin UPS na kwamfuta, ba zai ɗauka ba. Firintar tawada irin Epson ko Canon masu tanki ba ta da wannan matsala, abin da take ci bai kai wat 20 ba, shi ya sa ta fi dacewa da gidan da ke kan sola.

Tunda ana maganar wuta, wadda aka shigo da ita daga Amurka a duba bayanta da kyau. Lezar da aka rubuta wa bolt 110 zuwa 127 in aka cusa ta a wutarmu mai bolt 230, ba waifai kaɗai za a rasa ba.

Hosfot da MiFi

Gidaje kaɗan ne a yankin ke da rauta ta zaune. Abin da aka fi yi shi ne a kunna hosfot a Tecno ko Infinix ko itel, a haɗa laftof da firinta a kai. Yana aiki, amma waya ba don wannan aka yi ta ba. Mai ita ya sa ta a aljihu ya tafi masallaci, waifai ya bi shi. Batir ya yi ƙasa, tsarin tattalin caji ya kashe hosfot. Sannan akwai saitin da ke kashe shi da kansa in an ɗan jima ba wanda ke kai, a yawancin Android sunansa "Turn off hotspot automatically". Firinta ta yi barci, waya ta ga ba kowa ta rufe, firinta ta farka ba ta tarar da komai ba. Ka shiga saitin hosfot ka kashe wannan.

A wurin dai za ka ga zaɓin zango, 2.4 ko 5 GHz. Mafi yawan ƙananan firintoci zangon 2.4 kaɗai suke ji. Sababbin wayoyi sukan fi son 5 don ya fi sauri, firinta kuwa ko sunan waifan ba za ta gani ba. Ka tsayar da shi a 2.4. A iPhone 12 zuwa sama, maɓallin "Maximize Compatibility" ne ke yin wannan aiki. Haka nan tsarin tsaro: in ka ga WPA3, wanda ya fito a 2018, ka mayar da shi WPA2, don tsofaffin firintoci ba su san shi ba, wasu kuma sukan haɗu su saki, su haɗu su saki. Sunan waifai ma ka sa shi da haruffan boko zalla da lambobi. Haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ, da 'yan hotunan murmushi, da alamar ɗauri (') da iPhone ke sawa a sunan mai waya, duk suna iya rikita firinta.

MiFi ya fi hosfot, amma shi ma yana da barcinsa. Ka buɗe shafinsa a burauza. Na Huawei galibi 192.168.8.1 ne, na ZTE 192.168.0.1, kuma akan rubuta lambar da kalmar sirri a bayansa ko a ƙarƙashin batir. Ka nemi saitin barci ko tattalin wuta ka mayar da shi kada ya yi barci. Ka duba yawan na'urorin da ke kai, don yawancinsu goma suke ɗauka ko kaɗan fiye da haka. A gidan da kalmar sirri ta zaga har maƙwabta, firinta ce ke rasa gurbi, saboda ita ce ke barci ta saki wurinta. Canza kalmar sirri yana magance wannan, ko da zai jawo ɗan ƙorafi a zaure. MiFi ɗin da ke kwana a caji cikin zafin Maris da Afrilu yakan yi zafi ya kashe kansa, batirinsa ya kumbura. Ka ajiye shi inda iska ke ratsawa, ba kan taga mai rana ba.

Shawarar da na fi ba mai shago ita ce ya nemi rauta ta zaune, ko tsohuwa ce, ko babu layi a cikinta, ya ware ta domin firinta da kwamfutoci kawai. Intanet kuma ya shigo wa laftof ta igiyar USB daga waya. Da haka sabis ya zo ko ya tafi, mai waya ya fita ko ya dawo, firinta ba ruwanta.

Lambar da ke canzawa

Idan fitila a tsaye take, rahoto ya nuna firinta na kan waifai, amma kwamfuta ta nace da "Offline", to kusan tabbas lambar IP ce ta canza. Rauta kamar sarkin kasuwa take, mai rabon rumfuna kowace safiya ga wanda ya riga zuwa: jiya firinta ta sami rumfa ta 103, yau bayan ɗauke wuta wayar wani ta riga ta, aka ba ta 105, kwamfuta kuwa tana can tana kai saƙo 103. Takardun rahoto biyu da ka ajiye za su nuna maka wannan ƙarara.

Maganin a ba ta lamba ta dindindin, kuma hanya biyu ce. Wadda ta fi tsabta a yi daga rauta. A shafinta, ƙarƙashin DHCP, akwai wurin keɓe lamba, a TP-Link sunansa "Address Reservation". Za ka shigar da lambar MAC ta firinta, wadda ke cikin rahoton nan, ka haɗa ta da lambar IP da kake so. Ƙananan MiFi da yawa ba su da wannan, sai a bi ta biyu: ka buɗe shafin firinta, ka shiga saitin IPv4, ka juya shi daga "Automatic" zuwa "Manual". Ka zaɓi lambar da ke wajen waɗanda rauta ke rabawa. Huawei yakan raba daga 100 zuwa 200, don haka 192.168.8.50 ta yi. A gurbin "Subnet mask" ka sa 255.255.255.0, a "Gateway" ka sa lambar rautar, wato 192.168.8.1. Ka rubuta lambar a takarda ka manna a jikin firinta. Ranar da ka canza rauta zuwa wadda lambobinta suka fara da 192.168.0, dole ka mayar da saitin "Automatic", in ba haka ba firinta za ta ɓace ɓat ka rasa dalili. Wannan dabara ba ta hosfot ɗin waya ba ce, domin sababbin Android sukan canza jerin lambobin gaba ɗaya in an sake kunna su.

Sai a sanar da kwamfuta. A Windows ka shiga "Printers & scanners", ka zaɓi firintar, ka buɗe "Printer properties", sannan "Ports". In ka ga wanda aka zaɓa ya fara da WSD, shi ne hanyar da Windows ke laluben firinta da kanta, kuma ya yi suna wajen ɓatar da ita bayan barci. Ka danna "Add Port", ka zaɓi "Standard TCP/IP Port", ka rubuta lambar dindindin ɗin. In bayan haka ta ci gaba da nuna "Offline" alhali shafinta na buɗewa, ka shiga "Configure Port" ka cire alamar da ke kan "SNMP Status Enabled". Ka kuma tabbatar waifan gida an saita shi "Private", ba "Public" ba. Kwamfutar da aka sha girka mata firinta takan tara sunaye, wannan "Copy 1", wancan "Copy 2", mutum yana ta tura aiki ga matacce. Ka goge su ka bar ɗaya.

Wani lokaci aikin da wuta ta katse ne ke maƙale a layi ya tare na bayansa. In soke shi ya ƙi, ka buɗe services.msc, ka tsayar da "Print Spooler", ka share abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, ka sake tayar da shi.

Bango da kwano

In rahoto ya nuna sigina mai rauni, matsalar wuri ce. Katangar laka mai kauri, bulon siminti, ƙofar ƙarfe, rufin kwano da tankin ruwa duk suna cinye waifai, kuma eriyar firinta ba ta kai ta waya ƙarfi ba. Don wayarka na nuna sanda uku a ɗaki ba shi ke nuna firinta na samun haka ba. Rauta a ɗakin maigida, firinta a shagon ƙofar gida, tsakaninsu bango uku, ba za su daɗe tare ba. Ka kawo su ɗaki ɗaya, rauta a sama, firinta ba cikin kabad na ƙarfe ba. A cikin kasuwa ko tasha, inda shagunan caji da masu POS kowa da hosfot ɗinsa, ka tsayar da rauta a "Channel" na 1, 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna. Kada ka bar ta ta zaɓi 12 ko 13, na'urorin da aka yi domin Amurka ba sa jin su.

Barcin firintar ma a duba. HP na da "Auto-Off", Epson da Canon na da agogon kashe kai. Barci mara nauyi ba laifi, amma kashe kai gaba ɗaya yana sauke ta daga waifai. Ka kashe wannan saiti ta shafinta ko ta manhajar HP Smart, Epson Smart Panel ko Canon PRINT.

Abu biyu da ba a gaggawa da su

Duk inda ka nemi shawara za a ce ka sabunta manhajar cikin firinta. Gaskiya ne sabuntawa takan gyara ciwon waifai, amma a nan tana da haɗari biyu. In wuta ta ɗauke ana tsaka da ita, firinta na iya mutuwa murus. Sannan tun 2016 HP ke saka wa wasu firintocinta tsarin da ke ƙin kwalin tawada ko tona mai ɗauke da guntun lantarkin da ba na kamfani ba, kuma ta hanyar sabuntawa yake ƙara tsauri. Mu kuwa yawancinmu ɗura muke yi ko sayen kwafi. Kana iya gyara waifai ka wayi gari firinta ta ƙi tonarka. Ni dai ba na ba da shawarar a sabunta sai duk abin da ke sama ya gaza, kuma a kan inbata mai cikakken caji.

Abu na biyu shi ne mayar da saitin netwok na firinta yadda ya fito daga kamfani. Yana da amfani idan an canza rauta ko kalmar sirri, ko an yi ta taɓe-taɓe har an rasa inda aka kwana. Amma yana goge lambar dindindin da ka sa, kuma ba ya gyara wuta ko hosfot mai barci. In ka yi shi, yawancin HP sukan zauna cikin shirin haɗawa na sa'o'i biyu, sai ka haɗa ta da manhaja a cikin wannan lokaci. Rauta mai maɓallin WPS ta fi sauƙi: ka danna na firinta, ka danna na rauta kafin minti biyu su cika.

In ka gaji da rauta

Firintoci masu waifai da yawa suna iya watsa nasu waifan, abin da ake kira Wi-Fi Direct. In an kunna shi, za ka ga suna mai farawa da DIRECT a jerin waifan wayarka. Ka haɗa kai tsaye ka tura aiki, ba rauta, ba MiFi, ba data. Ga malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ke bugawa daga waya sau biyu ko uku a mako, wannan ya fi komai kwanciyar hankali. A HP da yawa kalmar sirrin farko 12345678 ce, ka canza ta, in ba haka ba yaran unguwa za su ƙarar maka da tawada. A Epson tana fitowa a takardar bayanin netwok. Illarsa ɗaya, laftof ɗin da ke kan waifan firinta ba ya kan na intanet a lokaci guda, sai a fara sauke takarda sannan a juya.

Ga mai shagon da layin ɗalibai ke jiransa lokacin JAMB kuwa, igiyar USB ta fi. In firinta da kwamfuta tebur ɗaya suke, ban ga dalilin wahalar da kai da waifai ba. Igiyar kada ta wuce mita 5, ta mita 2 ko 3 ta fi aminci. Firinta mai ramin igiyar netwok a bayanta a jona ta da rauta kai tsaye, wannan igiya tana kai mita 100, wayoyi da laftof kuma su ci gaba da turo aiki ta waifai kamar da.

Akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama kan ko tafiya ta zama dole. Ka kunna hosfot a zangon 2.4 da WPA2, da suna mai sauƙi, ka ajiye wayar dab da firinta, a kan wuta mai ƙarfi. Ka mayar da saitin netwok ɗinta na kamfani ka gwada haɗawa. In ta haɗu ta zauna awa guda ba ta saki ba, lafiyarta ƙalau, ka koma kan wuta da rauta. In kuwa ba ta ga waifan ba sam, ko fitilar waifai ta ƙi kamawa, ko rahoto ya nuna gwajin rediyonta ya faɗi, to ɗan allon waifai da ke cikinta ya lalace, abin da tsawar damina ko wuta mai ƙarfi kan jawo. Ko a nan ma, in tana bugawa ta USB, ka tambayi kuɗin gyaran ta waya ka auna shi da kuɗin igiya kafin ka tashi. In tafiyar ta kama, ka riƙe takardun rahoton nan, ka ɗauki MiFi ko rautar da take kai a gida, mai gyara ya gwada su tare a gabanka. Firintar tanki kuma a ɗauke ta a miƙe, kada a kwantar da ita a bayan babur, tawada za ta malale cikinta.